Tara ce maganin mai cire hular kwano?

Sekirite_Birni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da wata damuwa da nake so manya su sa mini baki. Wata takwas ke nan da aka ɗauke ni aikin kula da tsaron lafiyar ma'aikata a wani shantiye, wato wurin gini, nan cikin Damagaram, ba sai na faɗi suna ba. Gini ne mai hawa uku, akwai aikin ƙarfe da sudur da zuba kankare. Maigida ya yi ƙoƙari, ya sayo hular kwano, takalma masu bakin ƙarfe, safar hannu, igiyar ɗaure ƙugu, duka sababbi fil. Na rubuta alluna da Faransanci da Hausa na kakkafa. Amma da na ba da baya sai ka ga hula ta koma kujera ko kwanon wanke hannu. Jiya na tarar da wani yaro a hawa na biyu, igiyar tana jikinsa, ƙugiyar tana ta lilo a bayansa, bai maƙala ta ga komai ba. Na yi masa magana, ya ce mini "Shef, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ina so in kai wa maigida shawara a riƙa yanke jika biyu a kuɗin duk wanda aka kama. Ku da kuka daɗe a harka, tara tana gyara hali?

Dan_Zango77: Wa alaikumus salam. Yanke kawai. Mutanenmu ba sa jin magana sai an taɓa aljihu.

Baba_Mai_Sudur: Yaro, kafin ka yanke kuɗin kowa ina da tambaya ɗaya. Wannan da ka gani ƙugiya tana lilo, a ina kake so ya maƙala ta? Akwai igiyar ƙarfe da aka ja a saman, ko wani zobe da aka kafa don haka? Je ka duba ka dawo. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin ƙarfe, na sha ganin a ɗaura wa mutum igiya a tura shi inda babu abin ɗaurewa sai sama da tsuntsaye.

Dan_Zango77: Baba ai ko akwai ba za su sa ba. Taurin kai ne.

Ummu_Halima: Ni ba ma'aikaciyar gini ba ce, amma maigidana leburan kankare ne, kuma ni ke wanke kayansa. Malam Sekirite, don Allah ka taɓa sa takalmin nan daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu? Ranar da aka ba su, ya dawo da ƙafa duk ta yi bororo, don lamba 45 aka ba shi alhali 42 yake sawa, aka ce su kaɗai suka rage. Ya riƙa cusa tsumma a ciki kwana uku, daga baya ya koma silifas ɗinsa. Takalmin yana nan ƙarƙashin gado. In aka yanke masa jika biyu kan wannan, tuwon yarana aka yanke.

Sekirite_Birni: Gaskiya ne Yaya, maganar lamba ban yi tunaninta ba. Kwali ɗaya aka kawo, aka raba wa kowa abin da ya samu.

Malam_Garin_Malam: Ina so in tsaya kan abin da yaron ya faɗa, don shi ne ya fi ci mini rai. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Amma wanda ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Mutumin da ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in dare ya yi ai yana kulle ƙofarsa, yana ɗaure babur ɗinsa da sarƙa. Me ya sa bai bar wa ƙaddara babur ba? Ransa ne kaɗai ya rasa daraja? Ka sami limamin da ke jan su sallah a wurin, ka roƙe shi ya taɓa maganar bayan azahar. Za su fi jin sa fiye da allon Faransanci.

Injiniya_Tanut: Malam ya yi daidai, amma ni ina ganin maganar ƙaddarar nan mayafi ce kawai. Ba ita ce dalili ba. Lebura ba zai iya ce wa shef "ana biyana kan yawan abin da na yi, igiyarka tana cinye mini lokaci" ba, sai ya fake da abin da ba za a iya yi masa musu ba. Ka duba yadda ake biyansu. In kan yawan bulo ko yawan ginshiƙi ake biya, to kai da maigidanka kuna ba su umurni biyu masu karo da juna: allo yana cewa a hankali, kuɗi yana cewa yi sauri. Kuma kowa ya san wanda ake saurara a cikinsu.

Ma'aikaci ba ya karanta allo, shugabansa yake karantawa. Yana kallon abin da ke faruwa ranar da kiyayewa ta zo da tsada: ranar da motar kankare ta iso, ga kuɗin haya yana tafiya, ga katakon hawa bai gama ɗauruwa ba. In aka ce a dakata, ya gane da gaske ake. In aka ce "ku lallaɓa haka nan, yau kaɗai," shi ke nan, duk taron safiya da za ka yi masa na shekara ya tashi a banza.

Direba_RN1: Injiniya ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni siterne nake ja, wato tankar mai. Akwai wani ubangida da na yi wa aiki da can, a takarda an rubuta kada ka wuce gudu kaza, kada ka yi tafiyar dare, ka huta. Amma kuɗin hanya kan kowace tafiya ake ba ka, kuma in ka makara waya ba ta barin ka numfashi. Wanda ya yi tafiya uku a sati shi ne ɗan gaban goshi, wanda ya bi takarda ya yi biyu ana ce masa rago. To wa zai bi takarda? Har ƙwaya wasu ke sha don ido ya tsaya. Inda nake yanzu albashin wata ne, akwai na'ura a motar da ke nuna gudunka, in ka wuce a kira ka. Ni ɗin dai ne, ban canza ba, amma tuƙina ya canza.

Kuma abin da ke cikin tankin nan ba wasa ba ne. Ku tuna watan Mayu 2019 a Yamai, kusa da filin jirgi, siterne ta kife mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu. Tun ranar duk sanda na tsaya cikin gari sai na zagaya mota sau biyu.

Dan_Zango77: Allah ya jiƙansu. Amma Direba ai ka goyi bayana ba ka sani ba. Na'ura da kira ai tsoron hukunci ne ya gyara ka.

Direba_RN1: A'a ɗan'uwa. Sai da aka cire abin da ke tura ni gudu, sannan aka sa ido. Da sun sa na'ura suka bar biyan kan tafiya, da mun nemo mai cire mata waya a gareji. Na san waɗanda suka yi.

Tsohon_Libiya: Bari in ba ku labarin kishiyar tara, wato kyauta, don ita ma tana da nata sharrin. Na yi shekara huɗu a wani babban shantiye a Libiya. A bakin ƙofa akwai allo, kullum da safe ana canza lamba: kwana kaza ba hatsari. In aka cika kwana ɗari ana ba kowa ƙarin kuɗi. Muna kwana tamanin da wani abu, injin yankan ƙarfe ya tsaga wa wani ɗan'uwanmu tafin hannu. Wallahi mu da kanmu muka ja shi bayan kwantena, muka naɗe hannun da rawani, muka ce ya yi shiru. Ya yi sati yana aiki da hannu ɗaya muna rufa masa. Hannun ya kumbura ya yi ruwa, sai da aka fitar da shi asibiti a ɓoye. Mun karɓi kuɗinmu, allo ya kai ɗari, manya suka zo aka ɗau hoto. Injin kuma yana nan ba murfi, don ba wanda ya faɗa. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Injiniya_Tanut: Wannan labarin na Tsohon_Libiya ba a ƙananan wurare kaɗai yake faruwa ba. Ranar 20 ga Afrilu 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu. A ranar akwai manyan kamfani a kan dandalin, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba raunin da ya hana wani zuwa aiki. Kafin nan, a 2005, matatar mai ta Texas City a Amurka ta kama, mutum 15. Binciken da ya biyo baya ya nuna an fi sa ido kan ƙididdigar ƙananan raunuka, zamewa da yankewa, alhali na'urori da tsarin aikin kansa suna lalacewa. Ƙirga hula a kai abu ne mai sauƙi, shi ya sa ake son sa. Abin da ke kashe mutane da yawa lokaci ɗaya ba a ganinsa daga bakin ƙofa.

Zara_Infirmiya: Ina aikin jinya, kuma abin da Tsohon_Libiya ya faɗa muna ganinsa. Mutum zai zo da rauni na kwana biyar, ka tambaye shi ya ce a gida ya faɗi. Ka ga siminti a cikin ciwon. Tsoro yake kada a ce shi ya yi sakaci a sallame shi. Malam Sekirite, in ka kawo tara, abin da za ka ƙara ke nan: ba za su daina jin ciwo ba, za su daina gaya maka. Kuma ku sani, hatsarin aiki ana sanar da shi ga CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, ita ke ɗaukar magani da diyya in ma'aikacin yana da rajista. Wanda ya ɓoye ya ce a gida ne, ya yafe haƙƙinsa da bakinsa.

Lauyan_Fada: Ƙari kan maganar Zara. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa, kuma ba ta bar shi ya yanki albashi yadda ya ga dama ba. Kafin ka kai shawarar jika biyun nan, leƙa ofishin sufetan aiki ka tambaya, kada ka jefa maigidanka cikin rigima kai ma ka rasa abincinka. Dokar ta kuma yi maganar kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki, wanda ma'aikata ke da wakilai a ciki. Kuna da shi?

Sekirite_Birni: Ba mu da shi. Ni kaɗai ne kwamitin.

Dan_Kara_Kara: Ku kuna maganar CNSS da kwamiti, ku zo ku ga masu fasa dutse a bayan gari. Mata da yara, guduma da zoben taya, tsakuwa tana tashi tana shiga ido, ƙura suna shaƙa tun safe. Wa ne shef ɗinsu? Wa zai yi musu taron safiya?

Zara_Infirmiya: Ƙurar dutsen nan ita ce mugun abu, don ba ta nuna kanta da wuri. Tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ta sa shi ya ƙandare, kuma in ya kai haka ba ya komawa. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ko yayyafa ruwa a kan dutsen yana rage ta, amma a garin da ruwan sha ma sai an bi layi da jarka, wa zai zuba wa dutse?

Mai_Zinariya: Ni na yi haƙar zinariya a Jado a 2015, na yi wani ramin kuma daga baya. A can ba kamfani, amma akwai shugabanci, kar ku ce babu. Mai rami shi ne shef. Na yi aiki da mutum biyu. Na farko in ya ga ƙasa ta fara zubowa kaɗan kaɗan daga gefe sai ya ce kowa ya fito, a sa itace, ko da kwana biyu za a rasa. Muna jin haushinsa, muna ce masa matsoraci. Na biyu in an ga jijiyar zinariya ba ya barin a fito ko sallah sai da ƙyar, kuma ya sa injin jan ruwa a bakin rami hayaƙi yana gangarowa. Yara biyu suka suma a ƙasa, Allah ya sa an jawo su da rai. Abin mamaki, yaran da ke wajen na farko ko ba ya nan suna duba bango kafin su sauka. Mu na wajen na biyu har gasa muke wa ya fi daɗewa a ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na ji labarin Ɗan Isa a Nuwamba 2021, ramuka suka rufta aƙalla mutum 18 suka rasu, sai da na kwana ban yi barci ba.

Baba_Mai_Sudur: Tun da an zo maganar rami, iyayenmu masu haƙar rijiya suna da nasu tsari. Kafin mutum ya sauka tsohuwar rijiya sai a zura fitila da igiya. In ta mutu, ba mai sauka. Ba wanda ya rubuta musu, amma babba ba ya barin yaro ya karya.

Injiniya_Tanut: Baba, hikima ce, fitilar tana nuna iskar numfashi ta yi ƙaranci. Sai dai in yi gargaɗi kada wani ya karanta ya gwada a tankin mai ko ramin masai, can wuta ce za ta tashi da shi. A harkar mai akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. In ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ta fi haɗari. Kuma sau da yawa ba mutum ɗaya take ɗauka ba: na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ceto, na uku ya bi. Shi ya sa ake auna iska da na'ura, a sa hannu a takardar izinin aiki, a tsayar da mutum a baki wanda aikinsa kawai kallo da kiran taimako.

Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, ganga 20,000 a rana, ɗanyen mai yana zuwa ta bututu daga Agadem, yaranmu da yawa sun san wannan takarda ta izini. Wasu suna ganin ɓata lokaci ce. Ku nemi labarin Piper Alpha, dandalin mai a tekun da ke gabas da Sikotilan, 6 ga Yuli 1988. Masu aikin rana sun cire wani bawul na kariya daga famfo don gyara, ba su gama ba. Labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba. Ɗayan famfon ya tsaya, suka kunna wanda aka buɗe. Mutum 167 suka mutu. Wanda ya kunna ba mahaukaci ba ne, ba mai taurin kai ba ne, abin da ya sani ya yi aiki da shi.

Dan_Zango77: To duk kun wanke lebura tas. Ba mai laifi ke nan a cikinsu? Na san wanda ke zuwa aiki da laya a damtse yana cewa ƙarfe ba ya kama shi. Wannan ma maigida ne?

Ummu_Halima: Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wanda ya ce babu masu ganganci.

Baba_Mai_Sudur: Akwai su, Dan_Zango, na kori biyu da hannuna. Ɗaya na hana shi yanka tanon da aka zuba isansi sai an wanke an cika shi da ruwa, na fita sallah na dawo na tarar ya kunna wuta a kai. Allah ya tsare, amma ranar ya bar garejina. Sai dai kafin in kore shi na koya masa, na ba shi abin aiki, kuma bai taɓa ganin na yi abin da na hana ba. Nan ne hukunci ke da tushe.

In gaya muku nawa laifin. Da ina saurayi maigidana da baƙin tabarau na kasuwa yake sudur, mu ma haka muka tashi. Wanda bai taɓa kwana da idon sudur ba bai san azaba ba: da rana lafiya lau, tsakar dare ka farka kamar an zuba maka yashi, hawaye na zuba, ba ka iya buɗewa. Mu sa tsumma mai sanyi mu kwanta, gari ya waye mu koma. Muna ɗauka jarumta ce. Da na buɗe nawa wuri na sayo garkuwar fuska na rataye, ina yi wa yara faɗa su sa, ni kuwa ina ɗan ɗigawa da ido rufe don "na saba". Ba wanda ya sa. Sai ranar da ƙaramin cikinsu ya ce mini "Baba, ai kai ma ba ka sawa." Wanzami ba ya son jarfa. Daga ranar na fara, cikin wata guda ban ƙara yi wa kowa faɗa ba. Idona na hagu dai ya riga ya tafi rabi.

Sekirite_Birni: Na dawo. Baba, na hau na duba kamar yadda ka ce. Babu wurin maƙalawa a hawa na biyu, ko ɗaya, sai ƙarafan ginshiƙi da ke can nesa da inda suke aiki. Na kira yaron gefe na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce ai kowa ya sani, sun ɗauka ni ma na sani. Na tambayi biyan kuɗi, kan yawan aiki ne kamar yadda Injiniya ya zata. Wani abu kuma da ban faɗa ba tun farko don nauyi: maigida in ya zo zagaye da babbar riga da takalmin fata yake shiga har ƙarƙashin inda ake ɗaga ƙarfe, baƙinsa ma haka.

Lauyan_Fada: To fa. Shi jika nawa za ka yanke masa?

Tsohon_Libiya: Hhhh. Ajiye farar hula sabuwa a bakin ƙofa, ka rubuta sunansa a jiki da "Alhaji" babba. In ya zo ka miƙa masa da hannu biyu gaban mutane, ka ce ranka ya daɗe taka ce. Da wuya ya ƙi.

Dan_Zango77: Ni dai ina nan kan bakata. A ja igiyar, a canza takalman, a ba Alhaji hularsa, na yarda. Bayan nan duk wanda ya cire a kore shi gida kwana ɗaya ba biya, ku ga in ba a daina ba.

Zara_Infirmiya: In dai wanda ya zo da kansa ya ce "na kusa faɗowa" ba zai shiga cikin masu komawa gidan ba.

Sekirite_Birni: Na yi wa maigida maganar igiyar ƙarfe da yamma. Ya tambayi kuɗinta, na faɗa, ya ce a bari a gama zuba dalar kankare ta ranar Asabar tukuna. Ban san ko in tsayar da aikin saman ba ko in bari. Baba, in kai ne fa?

Baba_Mai_Sudur: Ni garejina nawa ne, ba mai korata, don haka bakina da sauƙi. Kawo mini awon tsawon wurin gobe bayan asuba, ina da ragowar waya mai kauri da zobba, mu ga ko za su isa kafin Asabar. In ka zo ka tambayi garejin tsoho mai ido ɗaya da rabi, kowa ya sani.